Karen da Sitti Ilham Ta Bar Mini

Alhamis, 11 ga Yuli, 2024

An tashi zaman makokin Sitti Ilham yau. Kwana uku cif, aka naɗe kujeru, aka kwashe butocin gahawa, kowa ya kama gabansa. Wannan littafin da nake rubuta lokutan shan maganinta ne, ko rabi bai yi ba. Bari in ƙarasa shi, tunda ba ni da wanda zan faɗa wa.

Shekara tara ina aiki a gidan nan na unguwar Abhur a Jidda. Ni ke mata wanka, ni ke juya ta a gado, ni na riƙe hannunta ranar Litinin har ya yi sanyi.

Bayan la'asar Raed, babban ɗanta, ya kira ni falo. Bai ce in zauna ba. Ya ce an sallami mai girki da mai shara, amma ni mahaifiyarsa ta bar wasiyya a kaina: kada a fitar da Fustuk daga gidan nan muddin yana numfashi, kuma Dada Zaituna ce za ta kula da shi (Dada suke ce wa mai raino a nan). "Yana nan, kina nan. Ranar da babu shi, halas, shi ke nan." Yana faɗa yana latsa waya.

Fustuk kare ne. Kare! Ni Zaituna, 'yar Malam Husaini limamin unguwarmu a Malumfashi, da na bar gida don in ga Ka'aba, yau an ɗaure zamana a wutsiyar kare.

Na ce to. Me zan ce? Wadda ba ta da iƙama, takardar izinin zama, ba ta da baki.

Asabar, 13 ga Yuli

Na tsaya na ƙare masa kallo, tunda shi ne ubangidana yanzu. Da can mai shara ke hidimarsa, ni ko da wasa ban taɓa kai masa hannu ba.

Allah mai halitta. Duk girmansa bai wuce kyanwa mai ciki ba. Fuska a baje, hanci ya nutse tsakanin idanu, idanun ƙwala-ƙwala a waje, kullum da ruwa a cikinsu. Gashi ruwan zuma har yana jan ƙasa, na wuya ya yi geza, wutsiya a kwance bisa gadon baya. Ƙafafun gaba gajeru, sun yi baka. In yana tafiya sai rangaji yake yi kamar Alhaji ya ƙoshi. In ya kwanta kuma minshari, ka rantse ƙaton mutum ne a ɗakin.

Karnukan garinmu dogaye ne ramammu, suna bin mafarauta, suna kwana a waje. Wannan in an shimfiɗe shi a bakin ƙofa sai baƙo ya goge ƙafa da shi. Na raɗa masa Tsumma.

Bai ci komai ba. Yana kwance a ƙofar ɗakin Sitti, ya cusa fuska a ƙarƙashin ƙyauren.

Talata, 16 ga Yuli

Pekinis ake ce wa irinsu. Sitti ta sha ba ni tarihinsu ina matsa mata ƙafa, ina jin ta da kunne ɗaya. Wai a fadar sarakunan ƙasar Sin aka yi ta rainonsu shekaru aru-aru, talaka bai isa ya mallaki ko ɗaya ba, kuma suna da barorinsu na kansu. Ƙananan cikinsu a hannun riga ake yawo da su. Sai da sojojin Turawa suka fasa fadar suka ɗebi guda biyar zuwa Ingila, sannan duniya ta san su. Har da tatsuniya: wai zaki ne ya ga 'yar biri ya mato a kanta, ya roƙi a ƙanƙantar da shi don ya aure ta, aka rage masa jiki aka bar masa zuciya. Sai Sitti ta yi dariya ta ce, "Shufi, duba, ya Zaituna, har yau bai san an rage shi ba."

Ta yi gaskiya. Ka kira shi ya dube ka sama da ƙasa ya kau da kai. Jiya mai kawo gas ya shigo, ƙato guda, ɗan abin nan ya taso masa da haushi har mutumin ya ja da baya. Sitti ta ce mutum ɗaya suke zaɓa a duniya, sauran jama'a duk barori ne. To wadda ya zaɓa tana kabari. Baiwar da aka samo masa daga Malumfashi kuwa ko kallo ba ta ishe shi ba.

Alhamis, 18 ga Yuli

Ashe yana da takardu. Na gani a durowar Sitti: ɗan littafi mai hotonsa, da ranar haihuwa, da hatimin likita shafi-shafi. Har da wani abu a ƙarƙashin fatar wuyansa mai ɗauke da lambarsa, in ya ɓata a mayar da shi gida. Ni in na ɓata a Jidda sai dai motar tarhil mai kwashe marasa takarda ta tsince ni, a loda ni jirgi. Na yi dariya ni kaɗai, daga baya na ga ba dariya nake ba.

Lahadi, 21 ga Yuli

Loma biyu. Ƙashin bayansa ya fara fitowa ta cikin gashi.

Laraba, 24 ga Yuli

Bayan, autar Sitti da ke aure a Riyad, ta kira. Ta maimaita mini abin da uwarta ta saba faɗa: a taje shi kullum, a goge masa lungun fuska, kada mukayyif ya mutu a inda yake, kuma kada, kada ya fita da rana. Na ce to, ya Bayan. A raina na ce sangarta. Kare da na'urar sanyi, ƙawata Surayya da mata biyar a unguwar Mahjar suna rabon fanka ɗaya.

Da safar hannu nake komai nasa. Kwanonsa sau bakwai nake wankewa, na farko da ƙasar tukunyar fulawa. Zanen salla dabam na ajiye a leda. Baba Abdulghani direba ya tarar da ni a bakin famfo, ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Shi haihuwar unguwar Hindawiyya ne a nan Jidda, kakansa ya zo aikin Hajji a ƙafa daga Gobir, Hausarsa rabi Larabci ce. Ya ce, "Ya Hajiya, wallahi kina ta'ab da kanki. Kare yana sanin mai ƙyamarsa. Cire safar nan, zai ci."

Na ce ya cire tasa shi. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, na sani.

Lahadi, 28 ga Yuli

Surayya ta kira. Ƙawata ce tun a jirgin umara, tare muka ƙi komawa. An yi kame a layinsu ranar Alhamis, an tafi da mata huɗu, ɗaya ko takalmi babu a ƙafarta. Ta ce, "Ke dai riƙe karenki da kyau, 'yar uwa, nan babu masaka tsinke."

Malumfashi kuma wa zan tarar? Inna ta rasu ina nan. Mijina ya riga ta. Ɗakin da nake tunawa an ce har an rushe shi an yi shago.

In Tsumma ya mutu na mutu. Ga shi ya ƙi ci.

Asabar, 3 ga Agusta

Raina ne ya ɓaci yau. Na dafa masa kaza ba gishiri, na yagalgala, na ajiye, ya juya mini baya. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa na dinga zazzaga masa da Hausa ba. Na ce, "Ci, ɗan banza! Ci, Tsumma, kada ka kashe ni! Kai kaɗai aka yi wa mutuwa? Ni wa ya tambaye ni ko na ci?" Na yi ta yi, har da hawaye, abin kunya.

Ina ɗaga kai na ga ya sa baki a kwano. Na yi shiru, ya tsaya. Na ci gaba da faɗa, ya ci gaba da ci. Ikon Allah! Ashe ɗan sarki zagi yake so.

Ya cinye tas.

Juma'a, 9 ga Agusta

Ya bar ƙofar Sitti ya dawo ƙofata. Ban kira shi ba. In na fito salla sai na tsallake shi. Ba ya shiga, ya san iyakarsa, ni ma na san tawa. Ba ya cin abinci sai ina masa faɗa, har abin faɗa ya ƙare mini, na koma ba shi labarin mutanen unguwarmu.

Juma'a mai zuwa Sitti za ta cika arba'in. Na yi wa Raed maganar sadaka da ya zo ɗaukar wasu takardu. Ya ce nan ba a yin wannan, bidi'a ce, kwana uku an gama.

Amma zuciyata ta ƙi. A wurinmu ko bare ne ya mutu a gidanka, ranar arba'in sai an toya waina an yi masa karatu. Ina jin haushinta, ba zan ɓoye ba. Shekara tara, abin da ta ga ya dace da ni kare ne. Duk da haka na ci gishirinta. Ba zan bari ranar ta wuce shiru ba, ko a ɗakina ne zan yi.

Alhamis, 15 ga Agusta

Na jiƙa shinkafa. Surayya za ta zo da safe, ta fi ni karatu.

Juma'a, 16 ga Agusta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba zan iya rubutawa yau ba. Gobe.

Asabar, 17 ga Agusta

Bari in rubuta yadda aka yi, ko zuciyata ta daina maimaita mini.

Mun gama suyar waina wajen sha ɗaya. Baba Abdulghani ya ɗauki wasu zai raba wa masu sharar titi a hanyar masallaci. Muka yi alwala, muka shimfiɗa darduma, Surayya ta buɗe Alƙur'ani, sai ta hango shi kwance a bakin ƙofa. Ta rufe. Ta ce, "Haba Zaituna, 'yar liman guda! Mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da kare. Wa za mu yi wa karatun?"

Ba laifinta ba ne. Ni ma da wannan na tashi. Na sa safar hannu na ɗauke shi na kai tsakar gida, na ajiye shi a inuwar katanga da kwanon ruwa, na ja ƙofar gilashi na rufe. Na tuna maganar Bayan, wallahi na tuna. Na ce kare ne fa, na garinmu a rana suke wuni. Ya tsaya yana kallona ta gilashin, bai yi haushi ba. Irinsu ba sa roƙo.

Muka yi Yasin, muka yi Tabaraka, muka yi Ƙulhuwallahu da carbi. Muka yi azahar. Muka ci waina muna hirar gida. Na manta inuwa tafiya take.

Wajen biyu saura na leƙa. Inuwa ta koma ƙarƙashin katanga, tayil ɗin ya yi zafin da sai da na ɗage ƙafa. Yana kwance a gefe jikin ƙofar, harshe waje ya yi shuɗi, yawu na dalala, numfashi na fita da wani irin gurnani. Idanun nan a buɗe ba sa ganina.

Ban san inda safar take ba. Na sure shi da hannuna na yi famfo da shi, ina zuba masa ruwa ina kiran sunan Allah. Ana haka Baba Abdulghani ya dawo daga Juma'a, ya ce, "Yalla, mota!" Shekara biyu rabona da fita titi saboda tsoron kame, jiya ko tunawa ban yi ba. Yana cikin abayata, ya jiƙa ni da yawu har ƙirji.

Likitan dabbobin ya ce masu bajajjiyar fuska hanyar numfashinsu gajeriya ce, ba sa iya fitar da zafi kamar sauran karnuka, ga gashi a kai. Rabin awa a ranar Jidda ta isa ta kashe su. Ya tambaya wa ya fitar da shi. Baba Abdulghani ya ce ƙofa ce aka bari a buɗe. Na sunkuyar da kai.

Sun riƙe shi, an sa masa ƙarin ruwa. Na yi wa matar sadaka, na kusa kashe mata kare. Da-na-sani ƙeya ce.

Lahadi, 18 ga Agusta

Gidan shiru. Na fito salla na tsallake wurin da babu kowa.

Talata, 20 ga Agusta

Ya dawo. An aske masa gashin ciki da na ƙafa ɗaya, ya zama abin tausayi, amma girman kan yana nan. Likita ya kira Baba Abdulghani ya ce a zo a ɗauke shi, kwana huɗu bai karɓi abinci a hannun kowa ba.

Na zauna a ƙasa da kaza. Na buɗe baki zan yi faɗan, ya ƙi fitowa. Da ƙyar na ce, "Ci, ɗan banza." Ya lallaɓo yana rangaji ya ci a tafin hannuna, ya lashe yatsuna. Ni na kulle shi a rana, shi kuma ko a jikinsa.

A ɗakina yake yanzu, kusa da mukayyif. Likita ya ce a sa masa ido, shi ya sa.

Alhamis, 22 ga Agusta

Na manta da kyamarar tsakar gida. Raed bai manta ba.

Ya nuna mini a wayarsa: ga ni da safar hannu, ga ni ina jan ƙofa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce na shigo da baƙuwa marar takarda, na yi abin da ya hana, na kusa kashe amanar mahaifiyarsa. Ya ce wasiyya don lafiyar Fustuk aka yi ta, tunda lafiyarsa ba ta hannuna, Bayan za ta zo ta tafi da shi, gida kuma a sa shi kasuwa. "Litinin, ya Dada. Allah ma'aki."

Ban roƙe shi ba. Ƙarya zan ce ya yi?

Juma'a, 23 ga Agusta

Da ma Baba Abdulghani bai faɗa mini ba.

Ya same ni ina ɗaure kaya. Ya tsaya a ƙofa yana murza hularsa, ya ce akwai maganar da ta tsaya masa a wuya. Wai watan da Sitti ta ji jikinta ya ƙi, a mota suna dawowa daga asibiti, ta ce masa ta san Raed ba zai ajiye mace marar iƙama ko na kwana ɗaya bayan ranta ba, yana tsoron hukuma. In ta ce a riƙe Zaituna, zai ce to, ya sallame ta da ladabi. Amma in ta ce karenta, Bayan ba za ta bari a taɓa maganar ba. Ta ce irinsu suna kai shekara goma sha huɗu, Fustuk biyar gare shi. "Na samar wa Zaituna rufi na shekara tara," haka ta ce masa.

Ya ce, "Ba don kare ta yi ba, ya Hajiya. Don ke ta yi."

Kwana arba'in ina jin haushin matar nan. Wayyo Sitti. Wayyo ni.

Litinin, 26 ga Agusta

Bayan ta zo da mijinta. A mota za su koma, likita ya hana a sa shi jirgi saboda numfashi. Na ba ta littafinsa mai hoto, da mataji, da kwano. Ta rungume ni tana kuka, ta ce, "Dada, da kina da iƙama da tare za mu tafi, amma hanyar duk shingen bincike ne." Na ce na sani.

Ya ƙi shiga akwatinsa. Ya dafe ƙasa da gajerun ƙafafun nan, ya yi wa mijin gurnani. Ni na ɗauke shi na sa shi da hannuna. Wannan karon ma bai yi haushi ba, kallona kawai yake ta raga.

Alhamis, 29 ga Agusta

Mahjar. Mu bakwai yanzu a ɗakin. Katifata a bakin ƙofa take, in an buɗe sai na naɗe ƙafa. Surayya na ta ba ni haƙuri, na ce ta bari, ba ita ta ja ƙofar ba. An ce akwai aikin wanke-wanke a wani gidan biki, in an dace. In mota ta tsaya a layi kowa sai ta yi tsit.

Wata a cikinsu ta ce, "Ke ce mai karen?" Suka kwashe da dariya. Na ce Allah ya raba ni da wahala.

Talata, 3 ga Satumba

Saƙon murya daga Bayan da hantsi. Kwana takwas, ruwa kaɗai yake sha. An canza abinci, an canza likita. Yana kwance a bakin ƙofar fita. Ta ce ta tuna Baba Abdulghani ya ce akwai abin da nake faɗa masa da yarenmu. "Dada, Allah yikhalliki, ki ɗauko mini a waya in kunna masa."

Na ce ina ruwana. Na wanke kwanuka. Na share ɗaki, ba ma ranar sharata ba ce.

Bayan azahar na hau saman bene wurin tankin ruwa, inda ba mai ji na. Rana kamar ta tsaga kai, na tsaya a cikinta. Na farko muryata ta karye, na goge. Na biyu na ji na ce masa "ɗana", na goge. Na uku na daure na yi yadda ya saba: "Ci, ɗan banza. Ci, Tsumma, kada ka kashe ni." Sai na ga ya yi gajarta, ba zai ƙoshi ba, na ƙara masa da labarin akuyar Inna da ta cinye wa liman rawani. Minti shida. Na tura.

Don Sitti na yi, amanarta ce. Yanzu ko ya ci ko bai ci ba, ba abin da zai ƙara mini, ba abin da zai rage.

Bayan ta saurara, alamar da ke wayar ta nuna. Har la'asar ba ta ce komai ba. Surayya ta zuba mini shinkafa tun ɗazu, na ce ta rufe mini tukuna.